Na'urar awon hawan jini ta gida da abin da take nunawa game da damuwa

Na'urar awon hawan jini mai aiki da batir, wadda ake ɗaurawa a damtse, ta wadata a kantunan magani na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru a Zariya. Tawa na saye ta ne a wani kanti da ke kusa da PZ, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta, musamman ga wanda yake zargin cewa damuwa ce take cin lafiyarsa.

Aiki da ita ba shi da wuya. Ana naɗa ɗamarar a damtse, a danna maɓalli, ta kumbura ta matse hannu, sannan ta saki a hankali, lambobi uku su bayyana: na sama, da na ƙasa, da yawan bugun zuciya a minti guda. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda lambobin suke bin halin da zuciya take ciki. Idan na ratso cunkoson Kwangila da yamma, kaina cike da lissafin kuɗin makarantar yara, nakan ga 148 a kan 92, amma bayan sallar isha'i, idan jiki ya natsu, sai ta sauko wajen 128 a kan 82, alhali mutumin ɗaya ne, hannun ma ɗaya ne.

Likitoci sun daɗe da sanin dalili. Idan mutum ya shiga fargaba, ƙwaƙwalwa takan umarci wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda su saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke. Wannan shiri ne na gudun ceton rai, kuma ba ya cutarwa idan ya zo ya wuce. Illar tana zuwa ne idan damuwa ta yi zaman dirshan. Binciken INTERHEART, wanda aka gudanar a ƙasashe 52 aka buga a 2004, ya sanya damuwa cikin abubuwa tara da suka fi alaƙa da ciwon zuciya mai kamawa farat ɗaya, tare da shan taba da ciwon sukari da hawan jini. A 1991 kuma, Sheldon Cohen da abokan aikinsa sun ɗiga wa masu sa kai ƙwayar cutar mura a hanci, suka tarar waɗanda suka fi damuwa sun fi kamuwa, abin da ke nuna cewa garkuwar jiki ma tana jin jiki. Wanda ya fi burge ni shi ne na Ahmed Tawakol a Amurka, da aka buga a mujallar Lancet a 2017, inda aka ga cewa mutanen da sashen tsoro na ƙwaƙwalwarsu ya fi aiki, ɓargonsu ma ya fi motsawa, jijiyoyin jininsu sun fi kumburi, kuma sun fi gamuwa da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki daga baya. Na'urar ba ta auna garkuwar jiki, ba ta auna kumburi, amma tana nuna wa mutum gefe guda na wannan al'amari da idonsa.

Tana da nata aibin. Ɗamarar da ta zo da ita ta damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 32 ce, saboda haka mai jiki sai ya nemi babba, domin ƙaramar ɗamara takan ba da lamba fiye da ta gaskiya. Mai kantin bai yi mini bayanin wannan ba, takardar da ke cikin kwalin kuma ba ta da Hausa. Babu wanda ya gaya mini cewa sai an zauna minti biyar an jingina baya, hannu daidai da ƙirji, ba a magana, kuma ba a sha shayi ko kofi ko taba cikin rabin sa'a kafin awo ba. Ni na ƙara da goro, tunda shi ma yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi.

Babban haɗarinta shi ne ta zama tushen wata sabuwar damuwa. Na san wata dattijuwa da take awo kusan duk sa'a, in ta ga lamba ta hau sai gabanta ya faɗi, ta sake awo, lambar ta ƙara hawa, kamar mai kashe wuta da kananzir. Awo da safe da dare ya wadatar, a rubuta a littafi da kwanan wata, a ɗan ƙara bayanin halin da aka yini ciki. Idan matsakaicin awon gida ya kai 135 a kan 85 ko ya haura, sai a ɗauki littafin da na'urar a tafi wurin likita, ko a asibitin koyarwa na Shika ko a na Gambo Sawaba, a gwada ta da tasu, kuma kada wanda yake shan magani ya daina don ya ga lamba ta sauka. Irin wadda ake ɗaurawa a wuyan hannu ta fi sauƙin ɗauka, amma ba na ba da shawarar sayenta, domin da zarar hannu ya ɗan sauka ko ya ɗaga daga saitin zuciya, lambarta takan kauce.