Barbie da Ken: wata uku a hannun 'yata

Sau biyu ina saya wa 'yata 'yar tsana a kasuwa, irin mai araha da ake rubuta wa sunan Barbie a jikin leda. Ta farko kwana huɗu ta yi kan ya cire. Ta biyu kuwa gashin ne ya biyo mataji tun a tsifar farko. Da ƙaramar sallah na daure na sayi ta ainihi, ta kamfanin Mattel, na haɗa da namijin, Ken. Kuɗin ya ciji aljihuna, ba zan ɓoye ba.

Yau wata uku ke nan, kuma ba su ga ta daɗi ba. An yi musu wanka a bokiti, an yi wa Barbie kitso da man shafawa, ƙanin yarinyar ya taɓa jefa Ken ta taga. Har yanzu wuya da hannuwa suna juyawa lafiya, fentin fuska bai goge ba. Gashin yana cukurkuɗewa idan ya sha ruwa, amma ɗan sabulu da haƙuri suna warware shi. Tsawonta bai kai santimita 30 ba, don haka ƙyallen da tela zai zubar ya isa a yi mata riga da zani har da ɗankwali. Mu dai haka muka yi, saboda kayan da ta zo da su ba na fita gaban baƙi ba ne.

Abin da ya sa nake dariya duk lokacin da na gan su jere shi ne labarin rabuwarsu. A Fabrairun 2004, ana saura kwana biyu ranar masoya, Mattel ya sanar da cewa Barbie da Ken sun rabu bayan shekara 43 suna tare. Har aka yi nuni da cewa Ken ne ya ƙi maganar aure. Shekara 43 ana zance ba a turo magabata ba! A unguwarmu da tuni kawunnanta sun kira shi sun tambaye shi ko da wasa ya zo.

Jaridu da gidajen talabijin a Amurka suka ɗauki labarin kamar na wasu taurari masu jini a jika. Manya da suka girma da waɗannan 'yan tsana suka rabu gida biyu: masu jin haushi an taɓa musu ƙuruciya, da masu cewa ai gara haka, ta daɗe tana ɓata lokacinta. Kafin a ankara an kawo mata sabon saurayi, Blaine, wai ɗan Ostireliya mai wasa a kan igiyar ruwa. A lokacin 'yan tsanan Bratz, waɗanda suka fito a 2001, suna cinye wa Barbie kasuwa, to ka ga inda maganar ta dosa. A 2006 aka sake wa Ken kwalliya aka dawo da shi. A 2011, shekarar da ya cika 50, aka kafa allunan talla a New York da Los Angeles yana biko, aka ce jama'a su jefa ƙuri'a a intanet ko ta koma masa. Ranar 14 ga Fabrairu aka ce sun shirya. Dabarar ta ci, ni ma ga shi ina ba da labarin kyauta, amma a ganina wasa ne da zuciyar manya, don su ne masu fitar da kuɗin.

Na gwada ba 'yata labarin, ta kalle ni kamar na yi yaren da ba ta ji.

“Umma, ai ba saurayinta ba ne, yayanta ne. Shi ke kai ta Islamiyya.”

Ban musa mata ba. Ruth Handler, wadda ta fito da Barbie a 1959, sunan 'yarta Barbara ta sa mata, Ken kuma da ya zo a 1961 sunan ɗanta Kenneth ne. Yanzu a gidanmu Yaya Ken ake kiran sa, kuma an riga an kai wa tela ƙyallen shadda a ɗinka masa kaftani.