Kiɗan rawar Italiya na zamanin barok: wane faifai ya kamata ka fara saya?

Abin da ke fara kama kunne a kiɗan rawar Italiya na ƙarni na 17, cikin zamanin da ake kira barok a kiɗan Turai, yana can ƙasan kiɗan: 'yan sautuka kaɗan masu kauri da ake ta nanatawa ba gajiya, goge kuma yana bisa yana ta zarya. Haka karin rawar ciaccona yake, haka passacaglia da bergamasca da follia. Da mutum ya tashi sayen faifai sai ya tarar da su jibge, kowanne an rubuta "barok" a bangonsa, alhali abin da ke ciki ya sha bamban.

Fara da duba kayan kiɗan. Gogen Turai na wancan zamani tsirkiyarsa ta hanjin tumaki ce, ta yau kuwa ƙarfe ce ko roba. Bakan da ake goga shi da shi gajere ne mara nauyi, shi ya sa sautin ke fita a tsinke, da ɗan kaushi, irin wanda ke sa ƙafa motsi. Wanda kunnensa ya saba da izgar gogenmu ba zai ji wannan kaushin baƙo ba. Akwai tiyoba, wani ƙaton molo mai dogon wuya da ke riƙe ƙasan kiɗa, da jita mai layin tsirkiya biyar, da hafsikod mai kama da fiyano, sai dai shi tsunkular tsirkiya yake yi, fiyano kuwa bugunta yake. Makaɗan yau suna ɗaure kayansu a kan awon 440, wato sautin A yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, masu kayan da kuwa galibi a kan 415, ƙasa kaɗan. In ka ga lambar 415 a bayan kwali, alama ce mai kyau.

Akwai rami guda da sababbin shiga ke yawan faɗawa. Ottorino Respighi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, ya tattaro tsoffin karin rawa ya sake tsara su wa babbar ƙungiyar makaɗa ta zamani, kashi uku, a 1917 da 1923 da 1931, da sunan Antiche danze ed arie. Kiɗa ne mai daɗi, amma na ƙarni na 20 ne sanye da tsohuwar riga. In kayan da kake nema, wuce shi.

Ga mai son kiɗan da zai tashe shi tsaye, sunan da za a fara ambata masa shi ne L'Arpeggiata, ƙungiyar da Christina Pluhar, 'yar Ostiriya mai kaɗa tiyoba, ta kafa a 2000. Faifansu La Tarantella na kamfanin Alpha an gina shi a kan tsohon imanin mutanen kudancin Italiya cewa wanda gizo-gizon tarantula ya ciza, rawa ce maganinsa: a yi ta yi masa kiɗa yana rawa har dafin ya fita da gumi. Akwai muryar Marco Beasley da ta Lucilla Galeazzi, ga ganga mai fuska ɗaya ta Alfio Antico. Daɗi kam ba a magana. Sai dai ka sani, mafi yawan abin da ke ciki waƙoƙin gargajiya ne da aka gada baki da baki, aka yi musu rakiya da kayan barok. A faifansu na 2004, All'Improvviso, sun ƙara gaba, har suka gayyato Gianluigi Trovesi, makaɗin jaz, da kilarinet ɗinsa, abin busa na zamani. Masu tsattsauran ra'ayi sun yi ta gunaguni. Ni ban ga laifinsa ba, tunda makaɗan wancan zamani ma ƙirƙira suke yi nan take a kan ƙasan kiɗa. Amma kada ka saye shi da zaton kana jin abin da aka ji a Napoli a 1650.

Can ɗaya gefen akwai Arcangelo Corelli, makaɗin goge mai tsara kiɗa, wanda ya rayu daga 1653 zuwa 1713. A 1700 ya buga kundinsa na biyar a Roma, sonata goma sha biyu na goge, wato kiɗa ba waƙa mai sassa-sassa. Daga ta bakwai zuwa ta goma sha ɗaya galibi rawa ce aka jera bayan ɗan share fage, su allemanda da corrente da sarabanda da gavotta da giga, ta ƙarshe kuma ita ce shahararriyar La Follia, kari guda da aka jujjuya sau 23. Wannan rawa ce ta zaure, a zauna a saurara, ba ta dandali ba. Andrew Manze da Richard Egarr sun ɗauki kundin duka wa kamfanin Harmonia Mundi, su biyu rak, goge da hafsikod, kuma Manze yana ƙawata layukan da adon da ya ƙago da kansa. Wasu za su ji shi fayau ba ganga ba tiyoba. Wanda ke son sauti mai kauri sai ya nemi na Accademia Bizantina, ƙungiyar garin Ravenna da Ottavio Dantone ke jagoranta, da Stefano Montanari a kan goge. In da hali, saurari La Follia a wajen su duka kafin ka fitar da kuɗi, don a nan bambancin ke fitowa fili.

Da za a ce in zaɓar wa mutum faifai ɗaya tak, Viaggio Musicale na Il Giardino Armonico zan miƙa masa. Giovanni Antonini da Luca Pianca suka kafa ƙungiyar a Milan a 1985, kuma an san su da zafin hannu. A ciki akwai Ciaccona ta Tarquinio Merula da Bergamasca ta Marco Uccellini, rubutattun ayyuka na ainihi, an kaɗa su da kayan da, amma da kuzarin da ba zai bar ka ka yi gyangyaɗi ba. Aibinsa ɗaya: ba duka ba ne rawa, akwai sonata na su Dario Castello a tsakani masu buƙatar natsuwa.

Faifan Jordi Savall, La Folia 1490–1701, wanda kamfaninsa Alia Vox ya fitar a 1998, gwaninta ce tsantsa. Amma follia asalinta daga yankin Fotugal da Sifaniya take, kuma galibin faifan na Sifaniyawa ne da Bafaranshe Marin Marais. Corelli ne ke wakiltar Italiya a ciki. Saye shi na biyu ko na uku.

Saura batun yadda za ka mallake shi. Saurare ta intanet ya fi arha, kuma da shi ya kamata ka ɗanɗana kafin saye. Matsalarsa, kiɗa ɗaya kan fito da sunaye iri-iri, follia nan folia can, ciaccona nan chaconne can, don haka nemi da sunan ƙungiya, ya fi sauƙi. Faifan CD kuwa yana zuwa da ɗan littafi mai bayyana kowane kayan kiɗa da wanda ya ƙera shi, na Alia Vox ma har da tarihi mai tsawo cikin harsuna da dama. In na hannu za ka saya, tambayi mai sayarwa ko littafin na nan, don sau da yawa shi ke fara ɓata.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka gwada shi da lasifikar waya. Tana haɗiye ƙasan tiyoba gaba ɗaya, ka rasa abin da rawar ke tsaye a kai, sai tsiwar goge kaɗai. Ko 'yar na'urar kunne mai matsakaicin kuɗi ta isa ta dawo maka da shi.