Shamfu mai salfet ko marar salfet: wanne ya dace da murɗaɗɗen gashi mai tashi buzu-buzu?

'Yar'uwa, kin ce gashinki mai murɗe-murɗe ne, da zarar kin wanke ya bushe sai ya tashi buzu-buzu, bakinsa ƙayau, alhali kwana uku kacal fatar kan ta soma maiƙo. Kuɗinki bai kai na kayan gidan gyaran gashi ba, ga shi kin tarar da kwalabe iri biyu masu sauƙin kuɗi a kan kanta: ɗaya an rubuta masa babu salfet (sinadarin wanki mai kumfa) babu silikon (sinadari mai sa gashi santsi), ɗayan kuma na gama-gari ne mai yawan kumfa. Kina tambayar wanne za ki ɗauka.

Kada ki zaɓi shamfu daban, ki zaɓi kwandishina, wato man tausasa gashi da ake shafawa bayan shamfu, daban. Tare ake zaɓensu, domin duk abin da kwandishina ya shafa wa gashi, dole ne shamfun ya iya wanke shi. Sau da yawa wadda ta ce kaya masu araha sun ɓata mata gashi, haɗin ne bai dace ba.

Ki fara fahimtar dalilin buzu-buzun. Kowane silin gashi lulluɓe yake da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar na jikin kifi. Idan sun kwanta, silin ya yi santsi, ya manne da 'yan'uwansa, su haɗu su yi murɗi guda mai sheƙi. Idan sun ɗaga, kowane sili sai ya kama gabansa. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarawa salin-alin a miƙaƙƙen gashi, amma a murɗaɗɗe kowace kwana sai ta tare shi. Shi ya sa tushen naki ke maiƙo, bakin kuma yana ƙishirwa. Busasshen sili yana zuƙar laimar iska, ya kumbura, ya fice daga sahu. Aikin da kike nema kenan daga shamfu da kwandishina: a wanke tushe ba tare da an ƙara busar da baki ba, sannan a kwantar da ɓawon.

Juya kwalbar. Abin da ke gaba talla ne, jerin sinadaran baya ne za ki yi aiki da shi. A dokar Turai da ta Amurka ana jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a kai waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, su kam ana iya jera su yadda aka ga dama. Saboda haka sunaye biyar ko shida na farko su ne kayan da kika saya. Man argan ko man kaɗanyar da aka zana a gaban kwalba, idan kika gan shi can ƙasa kusa da turare, to ɗigo ne kawai aka saka. Za mu rubuta sunayen yadda za ki gan su a jikin kwalba domin ki iya gane su.

Shamfun gama-gari, bayan ruwa, yawanci za ki ga sodium lauryl sulfate, ko ammonium lauryl sulfate, ko sodium laureth sulfate; su ne ake kira salfet. Na farkon ya fi ƙarfi. Shi ne mai barin gashi yana ƙara ƙi-ƙi a tsakanin yatsu, kuma wannan ƙarar alama ce ta an kwashe maiƙon sili ƙaƙaf. Na ukun, mai laureth, ya fi shi sauƙi sosai, musamman idan cocamidopropyl betaine na biye da shi, domin yana rage masa kaifi. Alherin wannan rukuni shi ne yana cire komai: mai, kakin gyaran gashi, silikon, ƙura. Illarsa ga gashi irin naki, idan ana amfani da shi sau biyu a mako, bakin gashin zai ƙara bushewa, rini kuma ya yi saurin koɗewa.

Marar salfet kuwa iri biyu ne, kuma a nan ake yaudarar mutane. Akwai mai laushi na gaske, wanda za ki ga sodium cocoyl isethionate, ko decyl glucoside, ko coco glucoside, ko betaine ɗin nan a sahun gaba. Kumfarsa kaɗan ce, yana wanke fatar kai ya bar wa sili ɗan maiƙonsa. Akwai kuma wanda aka cire salfet aka zuba sodium C14-16 olefin sulfonate a madadinsa. A suna ba salfet ba ne, don haka rubutun gaban kwalbar bai yi ƙarya ba, amma ƙarfinsa yana kusa da na salfet, kuma zai busar miki da gashi kamar wancan. Idan shi ne na biyu a jeri, ki ɗauke shi a matsayin shamfu mai ƙarfi. A ganinmu, shamfu mai laureth da betaine ya fi wannan sauƙi ga gashi, sau da yawa kuma ya fi shi araha.

Akwai abu guda da ba a cika rubutawa ba, wato ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru. Na fatar kai yana wajen 5.5, na silin gashi kuma ya fi haka tsami. Abin wanki da ya haura 5.5 sosai yana kumbura sili ya ɗaga ɓawo. Idan kwalba ta faɗi cewa nata 5.5 ne ko ƙasa, wannan maki ne a gare ta. Sabulun wanka na dunƙule yana kaiwa 9 zuwa 10, shi ya sa yake barin murɗaɗɗen gashi a cukurkuɗe. Kada ki yi tsimin kuɗi da shi.

Yanzu kwandishina, inda ya kamata mafi yawan kuɗinki ya tafi. Shamfu minti ɗaya ko biyu yake yi a kanki ya bi ruwa. Kwandishina ne ke barin wani abu a jikin sili har zuwa wanki na gaba, kuma za ki ƙarar da kwalba biyu ko uku nasa kafin shamfu ɗaya ya ƙare. Mai kyau, komai arahar sa, ƙafa biyu yake tsaye a kai. Ta farko ita ce cetyl alcohol, ko cetearyl alcohol, ko stearyl alcohol. Kada kalmar alcohol ta tsorata ki. Waɗannan masu kauri ne kamar kaki, su ke ba shi jiki da laushi. Mai busarwa shi ne alcohol denat, idan ya zo a sama-sama. Ƙafa ta biyu ita ce behentrimonium chloride, ko behentrimonium methosulfate, ko cetrimonium chloride, ko stearamidopropyl dimethylamine. Gashin da aka wanke, balle wanda rini ko zafi ya taɓa, yana ɗauke da cajin lantarki mai sa sili ya ture sili. Waɗannan sinadaran kishiyar cajin gare su, sai su manne kamar mayen ƙarfe, musamman a inda silin ya fi lalacewa, su kwantar da ɓawo, su ba da santsin da mataji ke wucewa. Methosulfate ɗin can, duk da sunansa, ba shi da alaƙa da salfet mai wanki. Mai tausasawa ne, kuma yana cikin mafi kyau. Idan kin ga ruwa, sai ɗaya daga rukunin farko, sai ɗaya daga na biyu a cikin sunaye huɗu na sama, kin samu kwandishina na ƙwarai. Gwaji mai sauƙi: ki murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu biyu masu danshi. Idan ya yi sulɓi ya daɗe, zai taje gashinki. Idan ya ɓace kamar ruwa, na masu siririn miƙaƙƙen gashi ne.

Sai batun silikon, wanda aka yi wa mummunan suna fiye da laifinsa. Ga mai fama da buzu-buzu a iska mai laima, babu abu mai araha da ya kai shi tasiri, domin yana yi wa sili siririyar riga da ke rage shigar laima da gogayya. Matsalarsa taruwa. Nau'in silikon da ake kira dimethicone ba ya narkewa a ruwa. Idan ana shafa shi mako bayan mako ba tare da wanki mai ƙarfi ba, gashi zai yi nauyi, murɗin ya saki, ya zama kamar an shafe shi da kyandir, ga maiƙo a waje ga bushewa a ciki. Amodimethicone ya fi shi ladabi: yana neman wuraren da suka lalace ya zauna, kuma ba ya yawan hawa kan kansa. Waɗanda sunansu ya fara da PEG ruwa na tafiya da su cikin sauƙi. Kwandishina marar silikon yana barin gashi da sauƙi da tashi, murɗin ya fito sosai, sai dai kariyarsa daga laima ba ta kai ta wancan ba, kuma wasunsu ana cika su da mai da kaki masu nauyi waɗanda su ma suna taruwa.

Idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa, ga yadda abin yake. Shamfu mai salfet da kwandishina mai dimethicone sun dace da juna: ɗaya ya shafa, ɗaya ya wanke. Haɗi ne mafi araha, yana yi wa mai wanke kai sau ɗaya a mako ko mai yawan shafa mai. Shamfu mai laushi da kwandishina marar silikon su ma sun dace, kuma su ne na mai wanki akai-akai ko mai rinannen gashi. Shamfu mai laushi sosai da dimethicone mai yawa, nan ne ake samun taruwa. Mafi muni shi ne shamfu mai ƙarfi da kwandishina tsararo: an kwashe komai, ba a mayar da komai ba. Muna zargin a nan kike yanzu.

Ga ke, da tushe mai maiƙo da baki busasshe, shawararmu ita ce shamfu mai laushi na kullum, kwandishina mai kauri wanda ko dai babu silikon ko kuma amodimethicone ne a ciki, sai ƙaramar kwalbar shamfu mai salfet da za ki ɗauko sau ɗaya a mako uku ko huɗu. Wankin kai da kwandishina zalla, wanda wasu ke yabawa, bai dace da fatar kai mai saurin maiƙo irin taki ba. Ƙaiƙayi da amosani yake jawowa. Ba dole ne kwalaben su fito daga kamfani ɗaya ba. Kuma kada sunan kamfani ya ruɗe ki: L'Oréal da ke yin Kérastase da Redken masu tsada shi ke yin Garnier da Elvive, Unilever na da Dove da Tresemmé da SheaMoisture, Procter & Gamble na da Pantene da Herbal Essences. Kamfanoni suna sauya haɗinsu ba tare da sun sauya kwalba ba, don haka ki sake karanta baya duk sanda za ki sayi sabuwa.

Yadda za ki yi amfani da su ya kusan kai zaɓen muhimmanci. Ki jiƙa gashin sharkaf da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba. Cokalin shayi ɗaya zuwa biyu na shamfu ya isa. Ki dama shi da ɗan ruwa a tafin hannu, ki cuɗa fatar kai da tsokar yatsu, ba da farce ba, na minti ɗaya. Kada ki tattara gashin a tsakiyar kai kina murzawa kamar wanki, nan ake samun ƙulli. Kumfar da ke gangarowa lokacin ɗauraya ta ishi bakin. Ki matse ruwa da hannu, ki raba gashin gida huɗu, ki shafa kwandishina ninki biyu ko uku na shamfun, daga tsakiyar tsawon gashi zuwa baki, ki bar fatar kai. Yana ciki za ki taje, da yatsu tukuna sannan da mataji mai manyan haƙora, daga baki kina hawa zuwa tushe. Minti uku zuwa biyar, sai ɗauraya. Ki tsane da tsohuwar rigar auduga ta hanyar matsewa, domin gogar tawul tana ɗaga ɓawon da kika gama kwantarwa. Da ya soma bushewa, ki janye hannunki, kuma kada mataji ya taɓa shi a bushe. Idan bakin ya lalace sosai, ki shafa masa ɗan man kwakwa awa ɗaya kafin wanki. Yana cikin 'yan mayukan da ke ratsa cikin sili, kuma an nuna yana rage zubewar furotin lokacin wanki.

Ki ba sabon haɗi wanki huɗu ko biyar kafin ki yanke masa hukunci, kuma kada ki sauya kwalabe biyun lokaci guda, don ki san mai laifi. Idan gashin ya yi tauri yana karyewa kamar kara, duba ko akwai hydrolyzed keratin ko hydrolyzed wheat protein a sama a kwalabe biyun; furotin yana taimakon rinannen gashi, amma a ɗaya kawai ya isa. Idan ya yi laɓo-laɓo, murɗin ya ƙi tashi, taruwa ce, ɗauko mai salfet. Idan buzu-buzun ya fi tsanani ranar da iska ke da laima sosai, duba ko glycerin ne na biyu ko na uku a abin da kike bari a gashi, domin yana jawo ruwa daga iska. Idan ruwan gidanku mai barin farin tabo ne a bakin famfo da tukunya, ma'adinansa na hawa kan sili su hana kwandishina kamawa. Nemi shamfu mai disodium EDTA ko tetrasodium EDTA wanda aka yi musamman don irin wannan ruwa, sau ɗaya a wata. Idan kuma amosani ne ke damunki, shamfu mai ketoconazole ko selenium sulfide ko piroctone olamine za ki shafa a fatar kai kaɗai, ki bar shi minti uku zuwa biyar, sannan ki bi bakin gashin da kwandishina fiye da yadda kika saba, domin wasunsu na busarwa. Ƙaiƙayi ko ƙurajen da suka biyo bayan sabuwar kwalba sukan fito daga turare ko methylisothiazolinone, wani sinadari mai hana kayan lalacewa. Ki daina amfani da ita, in mako biyu ya wuce bai lafa ba ki ga likitan fata.