Titin Mu'izz ko Lambun Azhar: wanne ya fi dacewa da baƙo mai yini guda a Alƙahira?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Alƙahira neman magani, karatu ko sarin kaya ba sa samun fiye da yini guda na yawon buɗe ido, kuma a tsohon birni wurare biyu ake yawan nuna musu, wato Titin Mu'izz da Lambun Azhar. Ba su da nisa da juna, amma abin da mutum zai biya da abin da zai gani a kowannensu sun sha bamban.

Titin Mu'izz shi ne babbar hanyar birnin da sarakunan daular Fatimiyawa suka kafa a shekarar 969, kuma tsawonsa kusan kilomita ɗaya ne, daga ƙofar Bab al-Futuh a arewa zuwa Bab Zuwaila a kudu. Ba a biyan ko sisi don bin titin. Kuɗi na fita ne a bakin gine-ginen tarihi, inda ake yankar tikiti, ɗan ƙasar waje ya biya fiye da ɗan ƙasa, ɗalibi mai katin shaida kuma a yi masa ragi. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki tikiti da yawa ba, to ya nufi ginin Sarki Ƙalawun, wanda aka kammala a 1285, inda asibiti da makaranta da hubbaren sarkin suke haɗe wuri guda, bangon hubbaren kuwa an lulluɓe shi da marmara mai launi iri-iri. Gaba kaɗan, a daidai inda titin ya rabu biyu, akwai ginin Abdurrahman Katkhuda na 1744, wanda a da ƙasansa wurin shayar da masu wucewa ruwa ne kyauta, samansa kuma makarantar karatun Alƙur'ani ce ta yara. Masallacin Aƙmar na 1125 ƙarami ne, ana iya wuce shi ba a lura ba, alhali magina sun yi masa dabarar da ta cancanci tsayawa: fuskarsa ta bi layin titi, cikinsa kuma ya karkata ya fuskanci alƙibla. Wahalar titin ita ce tafiyar ƙafa a kan daɓen dutse, ƙarancin wurin zama, da cunkoson yamma, ga kuma 'yan kasuwar Khan al-Khalili waɗanda ba a sayen kayansu a farashin farko sai an taya.

Lambun Azhar sabo ne, don a 2005 aka buɗe shi, bayan gidauniyar Aga Khan ta mayar da tudun Darrasa, wanda aka shafe kusan shekara 500 ana jibge shara a kansa, wurin shaƙatawa mai faɗin hekta 30. A lokacin aikin ne aka tono ganuwar daular Ayyubawa ta zamanin Salahuddin, wadda tarkace ya binne. A nan ana biyan kuɗin shiga tun daga ƙofa, abincin gidajen cin abinci na ciki kuma ya fi na waje tsada, amma akwai inuwa, ciyawa, maɓuɓɓugan ruwa da ɗan tafki, sannan daga saman tudun ana hango hasumiyoyin tsohon birni da masallacin Muhammad Ali a kan ƙal'ar Salahuddin, wato tsohon sansanin tsaro na birnin. Ranar Juma'a da lokacin bukukuwan Sallah lambun kan cika maƙil da iyalai.

A ganina wanda yake tare da dattijo, mara lafiya da bai gama murmurewa ba, ko ƙananan yara, lambun ne nasa ba tantama. Mai ƙarfin ƙafa da ke son tarihi kuwa zai yi asara idan ya bar Titin Mu'izz, domin lambu mai kyau ana samunsa a wasu biranen, amma jerin gine-ginen daulolin Fatimiyawa, Mamlukawa da Usmaniyawan Turkiyya a kan titi ɗaya ba kasafai ake ganinsa ba. Idan yinin ya ba da dama a haɗa biyun, a fara da titin da safe kafin rana ta yi zafi, a yi sallar azahar a masallacin Azhar, a isa lambun bayan la'asar.