Lambun sabon gida a Gombe: a ƙasa ko a buhu?

Duk wanda ya tare a sabon gida a Tumfure ko Pantami ya san irin ƙasar da magina ke bari: ɓaraguzan bulo, busasshen siminti da yashi. Kafin ta ba ka ko ganye ɗaya sai ka kwashe samanta, ka zuba ƙasar gona da ruɓaɓɓen takin awaki. Aiki ne ja. Amma zogale da gwanda ƙasa suke so, don saiwarsu na neman wurin miƙewa. Kuɓewa ma ta fi sakewa a nan.

Buhu kuwa ba ruwansa da wannan wahala. Ka nemi tsohon buhun shinkafa, ka huhhuda gindinsa, ka cika shi da ƙasa da taki, ka jera a jikin katanga, ko da an riga an shafe tsakar gidan da siminti. Cikin sati 4 alayyafo ya isa miyar taushe, yakuwa da attaruhu ma suna yi. Inda yake ba da ciwon kai shi ne zafin Maris da Afrilu. Ƙasar ciki na saurin bushewa, sai ban ruwa safe da yamma, ga rana tana cinye buhun har ya fara yagewa. In ruwan famfo na madatsar Dadin Kowa ba ya isowa unguwarku, 'yan garuwa za su haddace sunanka.

Ni dai da buhu na fara, don uwargida ta ce ba ta sharar taɓo da damina. Zogale biyu kaɗai na dasa a ƙasa, daidai inda ruwan alwala ke gangarawa.