Akantan da ya tsince min kuɗin adashe daga kuɗin kamfani

Kayan famfo da fenti nake sayarwa a Ƙofar Ruwa, kuma tun 2022 na yi wa harkar rijistar kamfani a CAC, hukumar rijistar kamfanoni. Na karɓi lambar TIN, wato lambar mai biyan haraji, na jefa a durowa, don an ce min a dokar lokacin kamfanin da cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, babu harajin riba a kansa. Sai a 2025 wata makaranta ta nemi mai kawo mata kaya, ta ce sai da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Nan ido ya raina fata. Maƙwabcin shagona ne ya haɗa ni da wannan akantan, na je masa kwana uku bayan Babbar Sallah, alhali 30 ga Yuni ne ƙarshen wa'adin shigar da bayanan haraji ga kamfanin da yake rufe lissafinsa a Disamba. Na san an ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni ranar na fafe nawa.

Abu na farko da ya gyara min shi ne wancan zancen. Ya ce biya aka ɗauke wa ƙaramin kamfani, ba a ɗauke masa shigar da bayani ba, kuma a lokacin rashin shigarwa tararsa naira 25,000 a watan farko, sannan 5,000 duk watan da ya biyo. Na haɗiye wannan, laifina ne.

Na zo masa da jakar bakko cike da rasit. Ya zazzage ta a tebur, ya ɗaga na POS guda ɗaya a hasken taga, fari fat, zafin shago ya cinye rubutun. Rabinsu haka suke. Bai ce komai ba, ya tura su gefe, ya ce in kawo masa sitatimen na banki daga Janairu zuwa Disamba. Da ya haɗa abin da ya shigo asusun, sai ga miliyan 31 da ɗoriya. Ya cire gilashi ya dube ni.

"Alhaji, kai fa ba ƙaramin kamfani ba ne a takarda. Da wannan, kashi 20 na ribarka na gwamnati ne, ga harajin ilimi, ga VAT, harajin sayen kaya, kashi 7.5 da ya kamata a ce kana karɓa kana shigarwa kafin 21 ga kowane wata."

Na ce wallahi ban yi cinikin da ya kai haka ba. Ya ce, "To kuɗin wane ne?" Gumi ya karyo min, don na san amsar. Ni ne uban adashen layinmu, mu goma sha biyu, kowa ta asusun nan yake zubi. Yayana da ke Jidda ta nan yake turo kuɗin gininsa na Rijiyar Zaki. Gudummawar auren 'yata ta nan ta shigo. Motata da na sayar, nan. Ga kuɗin da nake turowa daga ɗaya asusuna idan zan biya dila, ashe duk an ƙirga su kamar ciniki. Na fara kame-kame a kan maganar adashen, sai ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Alhaji. Abin da ka ɓoye min, sitatimen ba zai ɓoye wa hukuma ba."

Kwana uku muka yi a kan takardun nan. Ya buga su shafi arba'in da wani abu, ya ɗauko biro kala uku, ja na abin da ba ciniki ba, shuɗi na ciniki, baƙi na wanda ban tuna ba. Layi-layi yake bi da rula. "Dubu ɗari huɗu, 14 ga Maris, daga mai POS, wane ne?" In yi shiru, in buɗe waya in bi tsofaffin saƙonnin WhatsApp. Wai abin da masu turo kuɗi ke rubutawa a gurbin bayani, "ok", "Alhaji", wani ma ɗigo kawai ya sa. Kuma bai yarda da baki ba. Na adashe sai da na kawo littafin zubi, na mota sai da takardar ciniki mai sa hannun shaidu, na gini sai da Yaya ya rubuto wasiƙa. Waɗanda na kasa tunawa ya bar su a ciniki, ya ce gara haka da a zo ana tambaya babu amsa. A ƙarshe cinikin gaskiya ya tsaya ƙasa da miliyan 20. Ranar har gida na je ina sa masa albarka, na ce wa uwargida Allah ya haɗa ni da mutumin kirki.

To amma tun da na biya kuɗin aikin, kamar an canza mutum. Waya ba ya ɗagawa. In ka je ofis, yaronsa ne zai ce Oga ya fita, ka dawo bayan La'asar. Sai ga wani ƙarin kuɗi, wai na shigar da lissafi a kwamfuta, abin da ba mu yi da shi ba tun farko, kuma ni ma sakarcina ban ce a rubuta yarjejeniya ba. Bayanan da ya ce zai shigar ranar 24, sai daren 30 ga wata aka shigar, ina zaune a benci ina kallon agogo, yaron yana cewa intanet ce. Mako guda cif intanet ce?

Wanda ya fi ƙona min rai daga baya na gano shi. Da suka buɗe min shafi a TaxPro Max, manhajar hukumar haraji ta shigar da bayanai, imel ɗin ofishinsu suka sa, da lambar wayar yaron. Kamfanina ne, amma ba zan iya shiga in ga komai ba sai na roƙa. Wata biyu ina kwan-gaba kwan-baya kafin a mayar da nawa, har sai da na ɗaga murya a gaban wasu mutane, abin da ba halina ba. Ko kwafin abin da aka shigar da sunana sai da na nema sau huɗu. Kwangilar makarantar kuwa ta wuce ni, ko da yake wannan ba zan ɗora masa duka ba.

Masu tambayata ko su je wurinsa, aikin ya iya, wannan ko maƙiyinsa zai faɗa. Sai dai ka tafi da imel ɗinka da lambarka, a rubuta kuɗin aiki da ranar gamawa, kuma kada ka biya duka a farko. Ni dai na buɗe wa adashe asusunsa daban, rasit ɗin POS ina ɗaukar hotonsa kafin ya goge, kuma yaron shagona yana rubuta ciniki kullum kafin mu rufe. Tun Janairun 2026 da sabuwar dokar haraji ta fara aiki, hukumar haraji ta FIRS ma ta koma NRS, nake son jin inda kamfanina ya faɗa a ciki. Sau uku na kira shi a makon nan, tana shiga, bai ɗaga ba.