Zaka saida gida a Zariya? Wa ya kamata ya duba maka shi kafin mai saye ya zo da nashi mutumin

Masu sayen gida yanzu sun waye, musamman a wajajen Samaru, Hanwa da Palladan, ba mai kirga maka kudi sai ya zo da wanda zai bude akwatin wuta, ya leka cikin silin, ya kwankwasa bango. Amma da dillali ya ce an samu mai saye, abin da mutanenmu ke fara yi shine kiran mai fenti. Wallahi wannan kudin shi yafi tafiya a banza, wanda ya san aiki da ya ga sabon fenti a gindin bango sai zarginsa ya karu, danshin da aka rufe kuwa ruwan Agusta kadai ya isa ya kumburo da shi.

Mafi arha dai ka kira magini da kafinta na unguwa, yau ka kira yau su zo, kuma indai kwano mai yoyo ne ko katakon rufi da gara ta cinye ko murfin sokawe da ya fashe, sun wadatar. Illarsu biyu, ba takardar da zasu baka ka nuna ma mai saye, sannan wanda ya duba shi ne zai yi gyaran, toh kaga dole ya gano aiki ko babu. Ka biya shi kudin dubawa daban, ka gaya mashi tun farko ba lallai shi zai gyara ba.

Wajen wuta ne ban yarda da arha ba. Nemi mai wayarin da ke da shaidar NEMSA, hukumar tarayya ce da aka kafa a 2015 kuma ita ke tantance masu hada wuta. Ka tsaya a kansa ya kwance soket biyu uku ka gani da idonka, kaurin wayar soket ya kamata ya zama 2.5mm², na wayar kwan fitila 1.5mm², AC da hita kuma kowanne da layinsa mai kauri, amma gidaje nawa aka ja ma komai da siririyar waya daya, sai kaga bayan soket ya yi baki yana warin roba. Ya duba ko akwai eti, wato karfen da ke janye wutar da ta balle zuwa kasa, da aka binne a kasa da gaske, ba koriyar waya da aka makale a bango don ado ba, ya duba cenjoba din janareta, in kuma har yanzu fis ne da aka daure da zaren waya a cire a sa bireka. Nan gobara ke tashi, lokacin hunturu ma abin ya fi muni da hita ke kwana a kunne. Bashin wuta shima ka share shi da Kaduna Electric, don a kan mitar gidan yake zaune kuma mai saye zai tambaya.

Injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi ma injiniyoyi rajista, yafi kowa tsada, ba kowane gida ke bukatarsa ba. Tsagar fulasta siririya kamar gashi ba komai bace, magini ya like. Amma in bene ne, ko tsagar ta taso a karkace daga kusurwar taga, ko kofa ta daina rufuwa, ko gidan na fadama kusa da kogin Kubanni, biya shi ya rubuta rahoto da hatiminsa, wannan takardar tana kashe bakin mai neman ragi. A garin da ke da ABU da kwalejin Nuhu Bamalli samun injiniya ba wuya, sai dai ba duk wanda ake ce ma Injiniya ke da rajista ba, tambayi lambar rajistarsa, ba raini bane.

Akwai kuma masu cewa a saida a yadda yake a rage kudi. Ga tsohon gidan kasa na gado a cikin birni wanda mai saye rushewa zai yi, wannan shine daidai, kar a sa ko buhun siminti daya. Ga gidan bulo kuwa ragin da za'a nema yakan wuce kudin gyaran, kuma dole ka fadi aibin, a shari'ar Musulunci mai saye na da damar maido ciniki in ya gano an boye mashi.

Ka auna tsakanin rijiya da masai, 'yan duba-gari basa son su yi kusa da juna. Sannan ka fito da takardun fili na KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, da izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, in ka taba fitar da shago ko daki a gaban gida ba izini, gara ka je ofishin KASUPDA ka ji matsayinsa tun kafin a yanka farashi.